Kwana biyar a babban birni: a zagaya ko'ina, ko a zauna a ci abinci a natse?

Baban_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce muke ta ja da maiɗakina tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan in ji ta bakin waɗanda suka fi mu yawo. Bara mun yi kwana huɗu a Faris. Kafin mu tashi na rubuta wurare goma sha huɗu a takarda, kuma cikin ikon Allah duk mun taka su. Amma da muka dawo, abin da na fi tunawa shi ne layi da ciwon ƙafa. Abinci kuwa, duk inda yunwa ta kama mu nan muke zama, wato yawanci a gindin wurin da muka je kallo. Ba mu ci abin kirki ba sai a daren ƙarshe, a wani ɗan gidan abinci da ke bayan masaukinmu, wanda kullum muke wuce shi da sauri.

Yanzu muna shirin kwana biyar a Santambul. Ni na ce babban wuri ɗaya a yini ya isa, sauran lokacin a bi unguwanni, a ci abinci inda 'yan gari ke ci. Ita kuma ta ce wanda ya kashe kuɗin jirgi da na biza bai kamata ya dawo yana cewa bai ga kaza ba, tunda bai san ko zai sake komawa ba. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai ina bayan Hajiyarka. Abinci ana ci kullum har ƙarshen rai, amma Aya Sofiya, shahararren tsohon ginin nan na Santambul, sau nawa mutum zai tsaya a cikinta? Na yi kwana uku a Roma, na bar gidan tarihin Batikan sai ranar ƙarshe, ranar ta faɗo Lahadi, na tarar da ƙofa a rufe. Shekara shida ke nan ban koma ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Da biredi da ruwa na yi ta ci kwana ukun nan amma na shiga wurin, da ya fi mini.

Sule_Matafiyi:
Baban Hanan, Santambul za ta sauƙaƙa muku gardamar nan, domin manyan wuraren tarihinta a cure suke wuri guda. Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida suna kallon juna, fili ɗaya ne ya raba su. Tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336 tana tsallaken titi, fadar Topkapi kuma tana bayan Aya Sofiya. Duk da ƙafa ake yi. Yini biyu sun ishe ku in kun fito da sassafe.

Abin da zan roƙe ku shi ne kada ku ci abincin rana a filin nan. Ku taka zuwa Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina aka kammala a 1557. Daura da shi akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna wajen dafa farin wake a cikin romon tumatir da man shanu, a zuba maka da shinkafa. Sannan ku riƙe wannan suna: esnaf lokantasi. Gidajen abincin 'yan kasuwa da masu sana'a ne. An riga an dafa komai an jera a bayan gilashi, kai dai nuni za ka yi da yatsa a zuba maka, ba sai ka iya Turkanci ko kalma ɗaya ba. Da tsakar rana suke cika, kafin la'asar tukwanen kirki sun ƙare.

Yini na uku ku shiga jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy, ɓangaren Asiya. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Ana sayar da shayi a ciki a 'yan ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, yara suna jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit, biredin nan mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, su kuma suna cafewa a sama. Daga kan ruwan ne za ka ga ƙubbobi da hasumiyoyin birnin a jere gaba ɗaya, abin da mai tsayuwa a gindinsu ba zai taɓa gani ba. Ni ban san ko wannan a lissafin kallo za ku sa shi ko a lissafin hutawa ba.

Zainab_Z:
Jirgin fiton nan gaskiya ne wallahi. Sau huɗu na shiga a tafiya ɗaya, ba don ina da abin yi a tsallake ba.

Malam_Habu:
Ƙarin bayani kan abin da ɗan'uwa Sule ya faɗa. Aya Sofiya ba gidan tarihi ba ce yanzu. An gama gina ta a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad na biyu ya ci birnin a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ta koma masallaci a 2020. Don haka masu sallah hanyarsu daban, masu kallo hanyarsu daban, kuma tun farkon 2024 baƙi masu kallo tikiti suke saya su hau benen sama. Masallacin Sultan Ahmad ma ana dakatar da masu kallo a lokutan sallah, ranar Juma'a kuwa sai bayan an sauko. Wanda ya tsara yininsa da lokutan sallah zai ga abin ya zo masa da sauƙi: ka yi azahar a wannan, ka yi la'asar a wancan, ka ga wuraren suna aikin da aka gina su dominsa.

Hajiya_Turai:
Ni maganar cin abinci a gindin wuraren kallo ce ta taɓa ni, Baban Hanan, don na ɗanɗana. A Roma ne, ni da ƙanwata, mun fito daga kallon Kolosiyom, tsohon filin wasan Romawa, rana ta dake mu. Wani saurayi yana tsaye a ƙofar gidan abinci da takardar jerin abinci a hannu, ya tare mu da fara'a, har kujera ya ja mana. Muka ga kifi an rubuta farashi mai sauƙi, muka ce a kawo. Aka kawo ƙaton kifi a faranti, muka ci, muka sha ruwa kwalba biyu. Da aka kawo takardar lissafi sai na ga kuɗin ya ninka abin da na zata wajen sau bakwai. Na kira shi, ya sa yatsa a kan wata 'yar kalma a gefen farashin da aka rubuta da ƙananan haruffa: etto. Ashe farashin na giram 100 ne, ba na kifin gaba ɗaya ba. Ƙanwata ta yi shiru tana kallon ƙayar kifin a faranti, ni kuma na ciro kuɗin da na ware na kwana biyu na miƙa. Ba mu yi rigima ba, tunda a rubuce yake, mu ne ba mu sani ba. Amma da yana so ya faɗa mana tun farko, da ya faɗa.

Tun daga ranar na riƙe alamu uku. In akwai mai kiran mutane a ƙofa, ba na shiga. In jerin abincin yana da hotuna da harsuna biyar ko shida, kuma suna dafa komai na duniya, ba na shiga. In na leƙa ban ga ɗan gari ko ɗaya a zaune ba, sai masu jakar goyo da kyamara, na wuce. Tafiyar minti goma kacal daga wurin kallo, sai ka ga farashi ya sauka, girki ya gyaru.

Dr_Nasiba:
Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Sai dai ina so mu bambanta cuta da al'adar gari, don mutane da yawa suna ɗaga murya a kan abin da ba zamba ba ne. A Italiya akwai abin da ake kira coperto, ɗan kuɗi ne da ake sa wa kowane mutum ɗaya na zaman tebur da biredi, kuma ɗan gari ma yana biya. Haka nan kofi, in ka sha a tsaye a bakin kanta farashinsa daban, in ka zauna aka kawo maka daban. A Lisbon za a ajiye maka biredi da zaitun da cuku ba ka nema ba. In ka ci ka biya, in ba ka so sai ka ce a ɗauke, babu wanda zai ji haushi. A Faransa kuwa kuɗin hidima yana cikin farashin da ka gani, kuma in ka nemi tulun ruwan famfo kyauta ne, sai dai in ka ce "ruwa" kawai ana iya kawo maka na kwalba. Roma ma tana da famfunan titi da ake kira nasoni, ruwan sha ne mai sanyi yana zuba dare da rana, kwalbarka kawai za ka tara.

Ummu Sadiq, gidan tarihin Batikan yana buɗewa Lahadin ƙarshe ta wata, kuma kyauta ake shiga ranar, sai dai layin ba a magana. In Allah ya sa kin koma, ki sayi tikiti ta intanet tun kafin ki tashi.

Ummu_Sadiq:
Na gode Dakta. Da na san haka a lokacin. Allah ya sa da rabon komawa.

Auwal_NY:
Tunda an shigo maganar kuɗin hidima, wanda zai je New York ya shirya. Farashin da ka gani a takarda ba shi za ka biya ba. Za a ɗora haraji, sannan tukuicin mai kawo abinci, wanda mutane suka saba bayarwa kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. A can ba kyauta ba ce ta ganin dama, da ita ma'aikacin yake rayuwa, don haka in kuɗinka ba zai kai ba gara ka sayi abinci a motocin bakin titi ka zauna a lambu ka ci. A Landan yawancin gidajen abinci suna sa kashi 12.5 a cikin lissafi da kansu, sai ka duba kada ka biya sau biyu. A Tokyo kuma ka bar kuɗi a tebur sai a biyo ka da gudu a mayar maka, a zatonsu mantawa ka yi.

Kabiru_Injiniya:
Ku yi haƙuri, ni zan saɓa muku. Wannan magana ta "ci inda 'yan gari ke ci" daɗin faɗa gare ta, amma waye zai nuna maka wurin? Baƙo ko da ido makaho ne. Na taɓa jan iyalina, da yara uku, ƙaramin yana da shekara huɗu, muka yi kusan awa ɗaya muna neman wani gidan abinci a Barsalona da aka yabe shi a intanet. Muka isa ƙarfe bakwai na yamma, aka ce ba a fara girkin dare ba sai takwas da rabi. Yaran suna kuka, uwarsu ta gaji, muka ƙare a gidan soyayyar kaza irin wanda ake samu a kowane birni, kuma wallahi babu abincin da ya yi mana daɗi a tafiyar kamar wannan. Mai tafiya shi kaɗai ko da matarsa yana iya yawon neman ɗanɗano. Mai yara abin da yake nema shi ne wuri mai kujera da banɗaki da abincin da yaro zai yarda ya ci. Kuma ban ga laifin wanda ya biya ƙari don ya ci abinci yana kallon hasumiyar Eiffel ba. Kallon ya saya, ya san abin da ya saya.

Hajiya_Turai:
Injiniya, wanda ya san abin da ya saya ba shi nake magana a kai ba. Wanda bai sani ba nake ji wa.

Dr_Nasiba:
Abin da ya same ku a Barsalona lokaci ne, Injiniya, ba wurin ba. Mutanen Sifen sai wajen ƙarfe biyu suke cin abincin rana, na dare kuwa tara ko goma. Dabarar mai yara a can ita ce ya mai da abincin rana babban cinsa. Gidajen abinci da yawa suna yin abin da suke kira menu del dia a ranakun aiki, farashi ɗaya, a ba ka abin buɗe baki da babban faranti da kayan zaƙi. Da dare sai ku sayi biredi da 'ya'yan itace da madara a kanti ku ci a masauki. A Faris ma haka, gidajen abinci da yawa suna rufe kicin bayan ƙarfe biyu ko biyu da rabi, sai bakwai su sake buɗewa. Waɗanda suke buɗe a tsakanin nan yawanci su ne na bakin wuraren kallo. Ina kyautata zaton abin da ya faru da Baban Hanan ke nan, suna cikin layi lokacin cin abinci ya wuce, suka fito ƙarfe uku, ba sauran zaɓi.

Baban_Hanan:
Dakta, kamar kina wurin. Ranar da muka je gidan tarihin Louvre ƙarfe uku da rabi muka fito.

Fati_Bintu:
Ni tambayata daban ce. Duk kuna ta cewa a shiga lungu a ci abincin 'yan gari. A Santambul ko Alkahira ko Kuala Lumpur babu damuwa. Amma a Roma ko Madrid ko Tokyo fa, yaya kuke yi da maganar halal? Ni tsoron nan ne yake sa in maƙale wa shinkafa da kifi duk inda na je.

Rabi_Mai_Harsuna:
'Yar'uwa Fati, ki rubuta 'yan kalmomin da ke nuna naman alade a wayarki kafin ki tashi, za su yi miki amfani fiye da yadda kike zato. A Faransanci: porc, jambon, lardons. A Italiyanci: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, da strutto wanda shi ne kitsen alade da ake sawa a wasu nau'o'in biredi da kayan gashi. A Sifaniyanci: cerdo, jamon, chorizo. A Jamusanci duk inda kika ga Schwein ko Speck. Abin lura shi ne sau da yawa ba a sunan abincin naman yake ba. Taliyar carbonara da aka san Roma da ita da kumatun alade ake yin ta. Salak a Faris ana iya barbaɗa masa lardons. Miyar wake a Sifen ana iya jefa mata ƙashi ko chorizo don ɗanɗano, mai kawo abincin kuma ya ce miki babu nama a ciki, don shi a wurinsa wannan ba nama ba ne, kayan haɗi ne. Don haka kada ki tambaya "akwai nama?", ki ambaci abin da sunansa.

A Tokyo romon taliyar ramen nau'in tonkotsu na ƙashin alade ne, sannan akwai mirin, ruwan shinkafa mai ɗan barasa da suke sawa a girki da yawa. Amma akwai gidajen ramen na halal a birnin, sai dai a nema tun kafin yunwa ta zo. Hanya mafi sauƙi da na sani a kowane birni ita ce ki je babban masallacinsu ki tambayi mutanen wurin. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana da gidan abinci da wurin shan shayi a jikinsa. A Landan kuwa titin Edgware da unguwar Whitechapel sun ishe ki.

Malam_Habu:
Madalla da wannan bayani, Malama Rabi. A Singafo da Maleshiya ma akwai takardar shaidar halal ta hukuma da ake liƙawa a jikin shago, sai mutum ya duba. Maganar yankan Ahlul Kitabi kuwa malamai sun yi bayani a kanta kuma akwai saɓani, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi tun yana gida, kada ya bari sai yana zaune an miƙo masa takardar abinci.

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum. Ni ce maiɗakin da ake magana a kanta, Abban Hanan ne ya nuna mini zaren na ce sai na faɗi nawa da bakina. Ba hoto nake bi ba, kamar yadda wasu za su zata. A Louvre ɗin nan da yake cewa mun sha wahala, gaskiya ne mun yi layi don ganin zanen Mona Lisa, muka tarar da ɗan allo ne da tsawonsa bai wuce santimita 77 ba, a bayan gilashi, mutane sun yi dafifi kowa ya ɗaga waya. Ban ji komai ba. Amma da muka sauka sashen kayan tarihin Musulunci, wurin shiru, ba kowa sosai, na tsaya a gaban wani ɗan akwatin hauren giwa da aka sassaƙa a Andalus a shekarar 968 don wani ɗan halifa mai suna al-Mughira. Bai fi a riƙe shi da hannu biyu ba. An zana masa mahaya dawaki da zakoki da tsuntsaye, a gindin murfin kuma rubutun Larabci ya zagaye shi. Na karanta abin da na iya karantawa da kaina. Shekara fiye da dubu, kuma wuƙar mai sassaƙar kamar jiya ta bi wurin. Na fi minti ashirin a tsaye, shi yana zaune a benci yana jirana.

Abin da nake nufi shi ne ban san da akwatin nan ba kafin mu je. Da mun ce wuri ɗaya ya isa, ko mun tsallake Louvre don layi, da ban gan shi ba. Mutum bai san wane wuri ne zai taɓa zuciyarsa ba sai ya shiga. Shi ya sa nake so in shiga da yawa.

Zainab_Z:
Maman Hanan, kin sa na ji ina son komawa Louvre. Sau biyu na je ban taɓa sauka sashen nan ba.

Sule_Matafiyi:
Hajiya, ki lura da abin da kika faɗa. Abin da ya tsaya miki a rai shi ne wurin da kika yi minti ashirin a tsaye, ba wurare goma sha ukun da kuka ratsa da sauri ba. Ni a ganina wannan hujjar Malam ce, ba taki ba. Da kuna da wuri na gaba da tikitinsa ya kusa ƙarewa, da ya tashe ki daga gaban akwatin.

Maman_Hanan:
Ya tashe ni ai, Malam Sule. Da son raina ne da na ƙara. Amma duk da haka sai da muka shiga kafin na samu abin tsayawa a kai.

Baba_Alhaji_Isa:
'Ya'yana, ku bar dattijo ya sa baki. Ina da shekara sittin da takwas lokacin da ɗana ya kai ni Alkahira. Ya rubuta wurare kamar yadda Baban Hanan ya yi. Ranar farko muka je dalar Giza, na tsaya a gindin babbar, dutse ɗaya na jerin ƙasa ya kai mini ƙirji. Ranar ta biyu gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai na ce ya tafi ya gama zagayensa, ni ya bar ni a Masallacin Azhar. Na yi azahar, na zauna a tsakar masallacin a kan farin dutse mai sanyi, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suna ta bita a gefe. Da yunwa ta zo na fita, wani mai shago ya nuna mini inda ake sayar da koshari, shinkafa da taliya da adas (wani ɗan ƙaramin wake) a kwano ɗaya, da miyar tumatir da soyayyar albasa a sama. Na ci a tsakanin leburori da 'yan makaranta, wani yaro ya nuna mini yadda ake zuba ruwan tafarnuwa da tsami. Ɗana ya dawo da magariba da hotuna fiye da ɗari. Har yau in muka zauna, shi yana ba ni labarin abin da ya gani, ni ina ba shi labarin waɗanda na zauna da su, kuma ban ji ɗayanmu ya yi asara ba.

Shawarata gare ku biyun, ba dole ba ne kullum ku kasance tare tun safe har dare. Yini ɗaya a cikin biyar ɗin, kowa ya bi abin da ransa ke so na 'yan awoyi, ku haɗu a wurin cin abincin dare.

Kabiru_Injiniya:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Sai dai a baƙon gari ba kowa ne zai yarda ya rabu da iyalinsa ba, musamman wuraren cunkoso. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris da Barsalona da Roma 'yan sane ba wasa suke ba, kuma sun fi bin wanda suka ga yana duba taswira a waya shi kaɗai. A taragon Santambul mai bi ta Sultan Ahmad ma a riƙe jaka ta gaba.

Auwal_NY:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne ba duk abin kallo ne yake buƙatar tikiti da layi ba. Jirgin fito na Staten Island a New York kyauta ne, kuma yana wucewa ta inda za ka hango mutum-mutumin 'yanci sosai. A Landan shiga British Museum da National Gallery kyauta ne, don haka kana iya shiga ka yi awa ɗaya ka fita ka ci abinci, gobe ka dawo, ba ka jin dole sai ka cinye wurin a yini guda don ka biya. A Dubai kowa yana rububin hawa Burj Khalifa mai tsawon mita 828, amma ƙaramin kwalekwalen katako da ake kira abra, mai tsallaka mashigin ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai, shi ya fi zauna mini a rai. Kuɗin tikiti ne yake sa mutum gudu, don yana ganin ya biya dole ya more.

Ummu_Sadiq:
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. Baba Alhaji ya ga dalar Giza tukuna kafin ya zauna a Azhar. A fara ganin abin da aka zo dominsa, in lokaci ya rage sai a zauna.

Baban_Hanan:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Mun zauna da ita daren jiya da takarda. Ta rage jerinta daga sha biyu zuwa takwas, ni kuma na yarda da wuri biyu a yini maimakon ɗaya, da sharaɗin ƙarfe ɗaya ta same mu a zaune a gaban abinci, ba a layi ba. Kan yinin tsallaka ruwa ne ba mu daidaita ba, ita tana so mu haɗa shi da fadar Dolmabahce, ni ina so a bar shi fili. Maganar Baba ta rabuwa na 'yan awoyi kuma ta ce sam. Za mu sauka daren Litinin, mu taso Lahadi da safe. Malam Sule, da Topkapi za mu fara ranar Talata ko da masallatan?

Sule_Matafiyi:
Da masallatan. Topkapi a rufe take ranar Talata, ku bar ta sai Laraba, kuma ku isa kafin a buɗe ƙofa, don ɗakin amanoni masu tsarki, wato kayan tarihin da ake danganta wa Manzon Allah da sahabbai, inda ake karatun Alƙur'ani ba dare ba rana, shi ne ya fi tara layi. Babbar kasuwa mai rufi kuma ba ta ci ranar Lahadi, kada Hajiya ta bar sayayya sai ranar tashi.

Maman_Hanan:
Na rubuta. Malama Rabi, in akwai wasu kalmomin Turkanci na abinci da ya kamata in sani, ki taimaka mini da su. Kuma waken nan na Sulaimaniyya, Malam Sule, da rana ake samunsa kawai ko har dare?